Waƙar Baraden da Suka Gudu

Babu wanda ya yi wa addinin Almasihu hidima a duk ƙasar Angil ta gabas kamar Dudda ɗan Tilred, mawaƙin garinmu Wadanham. Maganar nan tabbatacciya ce, don daga bakinsa muka ji ta, kuma ya sha maimaita ta bai taɓa canja ko kalma ɗaya ba. Ƙasar Angil ta gabas da ya sani kuwa ita ce garinmu, da ƙauyen masu yankan ciyawar rufi, da kasuwar gishiri da ya taɓa zuwa yana saurayi ya dawo ba takalmi. Addinin ma a cikin kogi ya same shi, ranar da mahaifin maigidanmu ya yanke shawarar gari duka ya tuba kafin abincin rana. Aka jera mutane aka tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Dudda yana yaro a lokacin. Abin da ya iya tunawa shi ne ruwan akwai sanyi, kuma na bayansa ya taka masa ƙafa.

Abin da ya gada wurin ubansa garaya ce mai tsirkiya shida, da waƙoƙin mutanen da ke kwance a tuddan bayan gari, waɗanda aka binne da takubbansu da dawakansu tun kafin a san coci. Da gari ya canja addini, Dudda bai ga dalilin zubar da waƙa mai kyau ba. Sai ya riƙa zare suna yana cusa wani. Inda ubansa ke cewa Wodan, abin bautar kakanni, shi ya ce Ubangiji. Jarumin da ya tsare mashigin kogi shi kaɗai da gatari ya koma Manzo Andarawus, wanda a iya sanin malaman coci masunci ne. Tsofaffi suna jin tsohuwar waƙarsu, matasa suna jin sabuwa. Kowane ɓangare ya ɗauka Dudda nasa ne, har sai da ya lura ɗaya ɓangaren ma yana gyaɗa kai. Daga nan kowa ya fara kallonsa ta gefen ido.

Matarsa Tette ce mai bangaskiyar gaske a gidan. Ita ke azumi, ita ke durƙuso har gwiwa ta yi kanta, ita ke zungurinsa in ya fara gyangyaɗi a coci. Tari ya ɗauke ta wata bazara, aka binne ta jikin bangon kudu na cocinmu na katako. Bayan mutane sun watse Dudda ya tsaya ya auna filin da ke gefenta da ido, ya ga zai ishe shi in ya ɗan lanƙwasa ƙafa. Tun daga ranar bai ƙara son wani abu a duniya ba sai wannan fili.

Filin kuwa a hannun Fada Helmstan yake, limamin cocinmu. Fada siririn mutum ne da ya tashi a gidan sufaye tun yana ƙarami, can arewa. In ana magana sai ya karkata kai gefe ɗaya, kamar mai jin ɓera a cikin rufi. Ya yi imani kowane mutumin garinmu yana da wani abu ɓoye a ƙarƙashin riga, kuma galibi da gaskiyarsa.

Dudda ya same shi yana gyaran shingen kabejinsa, ya gaishe shi, ya kawo maganar.

Fada bai ɗago ba. Ya ce, "Ƙasar nan an tsarkake ta, Baba Dudda. Ba a sa mai iyayengiji biyu a ciki."

"Ni ubangiji ɗaya gare ni, Fada. Biyu in ka haɗa da maigida Ordgar, shi kuma gonarsa nake ci."

"A bikin girbi na ji ka ce Ubangiji mai raba mundaye ne."

"Mai kyauta ake nufi."

"Ka ce sama zaure ce da giyar zumarta ba ta ƙarewa. A wane littafi ka gani?"

"Ban iya karatu ba, Fada. Amma kai ka ce mana biki ne a can. Ban taɓa zuwa bikin da aka ba mutane ruwa ba."

Fada ya karkata kai. "Tsohuwar nan fa da kake cewa tana saƙa kwanakin mutane?"

"Ai na mayar da ita baiwar Ubangiji tun bara. Abin da ya ce ta saƙa shi take saƙawa."

"To me ya sa ba ka kore ta gaba ɗaya ba?"

"Tsohuwa ce, Fada. Ina za ta?"

Fada ya ce zai duba. Dudda ya koma gida da wannan, yana juya ta a ransa ko alkawari ce ko barazana.

A ɗaya gefen kuma akwai Hilla, ƙanwar Tette. Kowace Lahadi tana layin gaba a coci, kowace Alhamis kuma tana kai wa iskokin kakanni gutsuren gurasa a marmaron da ke gindin tsohuwar bishiya, don a ganinta mai hankali ba ya ɓata da tsohon maƙwabci saboda ya yi sabo. Ita ke kawo wa Dudda miya tun rasuwar yayarta, kuma ba ta taɓa ajiye kwanon ba tare da magana ba.

"An ce an gan ka wajen shingen Fada, mijin yaya. Kabeji ka je saye, ko sunayen mutane ka kai?"

"Sunan wa zan kai? Kowa ya san inda kike zuwa ranar Alhamis, har agwagi."

"Kowa ya sani, amma ba wanda ya faɗa. In na ji a bakin Fada, na san ta inda ta bi. Kuma mataji da ƙodagon kaɗi da na cusa wa yaya a likkafani, in maganar ta fita, garayar nan zan fasa a kanka."

"Ni ban ga mataji ba."

"Ka gani mana, tsohon munafuki. Kai ka tsaya ka tare wa Fada ido."

Ya tare ɗin kuwa. Bai san ko a inda Tette take ana taje gashi ba, amma bai so ta isa ta tarar ana yi ita ba ta da abin yi.

Cikin azumin da ke gaban Ista, bikin tashin Almasihu, Fada ya aika aka kira Dudda. Ya ce ya duba, ya samo hanyar da za a gane gaskiyar mutum. A bikin Ista, a zauren maigida, Dudda zai rera labarin mutuwar Almasihu yadda yake a Littafi. Ba gatari, ba giyar zuma, ba tsohuwa mai saƙa. In ya yi haka, za a yi maganar fili.

Dudda ya ce wannan ai mai sauƙi ne, a ba shi labarin. Wa'azin Fada da Latin ake fara shi, kafin ya sauko harshen mutane rabin coci ya yi nisa, saboda haka Dudda bai taɓa jin labarin daki-daki ba. Ya san an kashe Ubangiji, ya san ya tashi. Abin da ke tsakani shi ya cike da kansa tun da daɗewa: baradensa sun kewaye shi garkuwa jikin garkuwa, sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya kamata.

Fada ya ba shi labarin. Lambu, masu fitilu da sanduna, kama Ubangiji. Sannan ya ce almajiran duk suka watse suka bar shi.

Dudda ya ce, "Suka je kiran taimako."

"Suka gudu."

"Sun ci gurasarsa kuwa?"

"Daga cin gurasar ma suka taso."

"Sun yi masa rantsuwa?"

"Babbansu Bitrus ya rantse ko mutuwa ce zai bi shi. Kafin zakara ya yi cara ya ce bai ma san shi ba. Gaban wata kuyanga."

A wurinmu wanda ya ci gurasar ubangidansa ya karɓi munduwarsa ba ya dawowa daga fagen da ubangidan ya faɗi. In ya dawo, ƙafafunsa kawai suka dawo. Ba a zama kusa da shi, ba a ba ɗansa mata, mawaƙa kuma suna tsallake sunansa kamar kashin kare a hanya. Wannan ba Wodan ne ya kawo shi ba balle ruwan kogi ya wanke.

"To da Ubangijin ya tashi, wane irin kisa ya yi wa Bitrus ɗin?"

"Ya gafarta masa. Ya ba shi kiwon garkensa da mabuɗan mulkinsa."

"Fada, ka ƙara duba wajen. Wataƙila shafi biyu ne suka manne."

"Haka yake, haka kuma za ka rera."

Abin da Fada bai sani ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba, Dudda bai taɓa tantancewa ba, shi ne labarin maigida Ordgar. Yana saurayi ya bi ubangidansa yaƙi da mutanen yamma. Ubangidan ya faɗi, baradensa duka suka faɗi a kansa, Ordgar kaɗai ya dawo, garkuwarsa ko ƙwarzane babu. Ya ce aike aka yi masa kafin a gwabza. Da yake ɗan mai gari ne, kowa ya yarda da babbar murya. Tun daga lokacin ba a ambaton wannan yaƙi a Wadanham, kuma in kare ya gudu daga dila a gaban maigida, mutane sukan sami wani abin kallo a sama.

Dudda ya zauna ya lissafa. In ya gyara labarin ya tsayar da Bitrus ya mutu kamar namiji, Fada zai hana shi filin. In ya rera yadda yake, Ordgar zai ji zambo a zaurensa, a gaban baradensa, ranar biki, ya kore shi daga gari, wanda aka kora kuwa a bakin hanya ake binne shi. Ya fara zargin Fada da maigida suna da wata tsohuwar rigima, shi aka mayar sandan dukan. Ya zargi Hilla da kai ƙararsa don ta riga shi kafin ya kai tata. Har Tette ya ɗan zarga, don ita ta san labarin nan sarai, shekara da shekaru tana jinsa yana rera baraden Almasihu suna faɗuwa da takobi a hannu, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Hilla ta ce, "Ka ce muryarka ta dishe."

"Fada zai ce aljanun tudu ne suka shaƙe ni."

"To ka rera da sauri, ka haɗiye wajen gudun."

"Wajen gudun ne rabin labarin."

"Wannan addini na yaya," in ji Hilla, ta ɗauki kwanonta. "Da ni ce Ubangijin, ko tsintsiya ba zan ba Bitrus ɗin nan ya riƙe ba."

Ranar Ista da tsakar rana zauren ya cika. An gama azumi, naman alade yana yawo, ƙahonin giya suna bin hannu, hayaƙi ya taru a ƙarƙashin rufi. Ordgar yana kan kujerarsa, ya yi ƙiba, gemunsa ya yi fari. Fada yana damansa da kofin ruwa. Aka kira mawaƙi. Dudda ya zauna bakin murhu ya ɗora garaya a gwiwa, ya dubi ƙofa ya ga nisanta, ya fara.

Farkon ya tafi daidai. Ya kira Almasihu sarkin da ya san ranarsa bai kauce ba, ya raba gurasa da hannunsa, baradensa suka yi alwashi a kan ƙoƙo. Mazan zauren suka buga teburi, don wannan sun san shi. Ya kawo maƙiya da fitilu. Hannuwa suka tafi ƙugu neman takobin da aka bari a ƙofa. Kowa ya gyara zama yana jiran garkuwa ta haɗu da garkuwa.

Sai Dudda ya rera:

"Suka dubi fitilu, suka dubi duhu,
suka zaɓi duhu.
Gurasarsa ba ta sauka cikinsu ba,
ƙafarsu ta riga ta san hanyar gida."

Bugun teburi ya tsaya. Wani ya ajiye ƙaho a hankali. Ba wanda ya dubi Ordgar, kuma irin wannan rashin duban ya fi nuna yatsa. Dudda ya ci gaba don tsayawa ta fi haɗari. Ya rera Bitrus yana jin ɗumi a wutar maƙiya, kuyanga tana tambayarsa, yana rantsuwa bai san mutumin ba. Ya rera zakara. Ya rera sarkin ya mutu ba barde ko ɗaya a kansa sai mata tsaye daga nesa. Sannan ya tashe shi, ya kai shi bakin ruwa inda matsoracin ya koma kamun kifi, ya sa ya kira shi da sunansa ya ba shi abinci, ya danƙa masa mabuɗai.

Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya. Ana jin kitse yana ɗiga a wuta.

Ordgar ya juya wajen Fada. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Haka yake a Littafin?"

"Haka yake, ranka ya daɗe."

"Wanda ya gudun, shi aka ba mabuɗan?"

"Shi."

"Ba wani daga cikin waɗanda suka tsaya ba?"

"Mazan ba wanda ya tsaya a lambun."

Ordgar ya daɗe yana kallon wuta. Sannan ya murɗe munduwar azurfa daga damtsensa, da ƙyar ta fita saboda ƙiba, ya sa aka miƙa wa Dudda a tsinin mashi ta saman murhu, yadda kakanninsa ke yi wa mawaƙansu. Ya ce a sake rerawa daga wajen lambun.

Kafin rana ta faɗi gari ya gama yanke hukunci. Tunda Fada kaɗai ya iya karatu, ba wanda zai iya cewa ga abin da ke Littafin. Kuma kowa ya san Ubangijin da ya isa a bi ba zai tara matsorata ya kira su barade ba. Saboda haka maigida ne ya sayi labarin don ya wanke sunansa, Fada ya ƙara shi a Littafi, Dudda ya sa masa kiɗa. Wasu har sun san yawan alkamar da aka kai gidan Fada. Duk waƙoƙin da Dudda ya yi wa kwaskwarima a rayuwarsa an karɓe su ba musu. Wannan guda da bai taɓa ko wasali a cikinta ba, ita aka kira ƙarya.

Hilla ta ce, "Ashe da kai aka kitsa. Ka zo nan kana min fuskar tausayi. Mu ga munduwar. Azurfa ce ta gaske kuwa, ko a nan ma maigidan ya gudu ya bar rabi?"

Washegari Dudda ya je wurin Fada da ƙarfin gwiwa. Fada yana zaune a ƙofar coci, kansa a karkace.

"Kalmomin daidai suke," in ji shi. "Na bi su ɗaya-ɗaya, ban sami abin kamawa ba."

"To filin, Fada?"

"Kiɗan nake tunani. Na ga tsofaffin matan can baya suna kaɗa kai tun kafin ka buɗe baki. Sun san shi. Kiɗan mene ne?"

Dudda ya sosa wuya. "Na mutuwar sarki ne."

"Wane sarki?"

"Kowane ne. Guda ɗaya gare mu."

"Shi ake yi a kan tuddai, lokacin da ake binne mutum da dokinsa."

"Da can, Fada. Yanzu ba doki."

"Kuma ka karɓi munduwa a tsinin mashi, a kan wuta."

"In ƙi karɓa, a gaban maigida?"

"Waƙar da ta sa mutumin da bai taɓa zuwa furta zunubi ba ya ce a maimaita, akwai abin da ke cikinta da ban gani ba tukuna." Ya miƙe. "Zan duba."

Dudda bai yi gardama sosai ba, don shi ma yana zargin kansa. Lokacin da yake rera sarkin yana tafiya wajen mutuwarsa bai kauce ba, fuskar da ya gani a ransa ta mai gatarin nan ce na mashigin kogi. Bitrus kuwa, duk da mabuɗan, har Dudda ya mutu bai iya rera sunansa ba tare da ɗan yamutsa baki ba. Ya san da Tette ce, da ta yafe wa Bitrus tun da Ubangijinsa ya yafe. Shi ya gwada, abin ya ƙi.

Sauran rayuwarsa a kan waƙar nan ta ƙare. Ordgar ya sa a rera ta a Ista, a girbi, a suna, a ɗaurin aure, har ranar da saniyarsa ta haifi tagwaye. Baradensa suka koyi fita bawali daidai wajen lambun. Matasa suka laƙaba wa Dudda Zakaran Maigida. Shi kuma kowace shekara bayan Ista yakan je ƙofar coci ya tambaya, Fada ya ce yana nan yana dubawa. Ya daina ambaton giyar zuma a sama, ya sallami tsohuwa mai saƙa, ya ba coci munduwar aka yi murfin kofi da ita. Fada ya karɓa ya gode, ya tambaye shi me yake so ya rufe da ita. Da yamma Dudda yakan tsaya jikin bangon kudu ya cire ciyawa a filin, ya gaya wa Tette ana kan magana.

Shekarar babban sanyi, da kogi ya daskare har shanu suka taka, Fada Helmstan ya kwanta ciwon ƙirji. Dudda ya ja ƙafa a cikin ƙanƙara ya je gaishe shi, ya tsuguna bakin gado ya kawo maganar a hankali. Fada ya buɗe ido, ya karkata kai a kan matashi, ya dube shi tsawon lokaci, ya ce a miƙo masa ruwa. Bai ƙara magana ba har ya cika. Aka hura wuta a kan ƙasa yini guda kafin ta yi laushin da za a haƙa masa kabari, gabas da coci.

A zuwa gaisuwar nan Dudda ya kwaso nasa ciwon, bai kai ƙarshen mako ba. Sabon fada da aka aiko yaro ne mai fara'a, bai san komai a kan tuddai ko kiɗa ba. Ya tambaya ko mamacin ya yi baftisma, aka ce ya yi, ya ce to a sa shi duk inda iyalinsa ke so. Hilla ta kai masu haƙa jikin bangon kudu ta nuna musu. Suka buga diga ta yi tsalle, suka sake bugawa ƙotar ta tsage. Itacen wuta kuwa ya yi ƙaranci a gari, ba mai ba da nasa don gawa. Wuri ɗaya ne a duk filin cocin ƙasarsa ba ta gama daskarewa ba, inda aka hura wuta kwanan baya. Nan aka sa Dudda, kafaɗa da kafaɗa da Fada Helmstan.